Na fi su maki, amma an bar ni a gida saboda ƙarancin wasa: ina mafita?

Tambaya

Ranka ya daɗe Barista. Ni ɗan wasan darar ces ne, kuma a jerin makin FIDE, hukumar darar ces ta duniya, ni ne na biyu a ƙasarmu. Da hukumarmu ta fitar da sunayen mutum biyar da za su wakilce mu a gasar Olimfiyad, wato gasar ces ta ƙasashen duniya, babu sunana. Na kira sakatare, ya ce ban cika sharaɗin buga wasa 20 masu maki cikin wata 12 ba, 11 kaɗai na buga. Haka ne, domin an yi min tiyata a baya, na yi wata biyar a kwance. Abin da ke ci min rai shi ne sai tsakiyar shekara muka ji labarin sharaɗin, kuma akwai wanda aka ɗauka da nake da yaƙinin bai kai wasa 20 ba. Zan iya maka su a kotu?

Amsa

Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Zan fara da abin da ba za ka so ji ba: in hujjarka ita ce ka fi waɗanda aka ɗauka iya wasa, ko kuma sharaɗin kansa shirme ne, ka riƙe kuɗinka, kada ka ba lauya.

Makin Elo, wato ma'aunin ƙarfin ɗan wasa, wanda FIDE ta fara aiki da shi a 1970, ba ya raguwa don mutum ya zauna a gida. Inda ka bar shi nan za ka tarar da shi, ko da hannunka ya yi sanyi. Shi ya sa FIDE da kanta take sa wa ɗan wasa alamar ya daina bugawa idan ya yi shekara guda bai buga wasa mai maki ba, kuma a manyan gasanninta takan nemi fiye da haka. A 2022 Ding Liren na ƙasar Sin yana da makin shiga gasar fidda mai ƙalubalantar zakaran duniya, amma ana neman wasa 30 a shekara, shi kuwa 4 ya buga saboda takunkumin korona. Ba a ɗaga masa ƙafa ba. Hukumar ƙasarsa ce ta shirya masa gasa a jere har ya cike giɓin, kuma a 2023 ya zama zakaran duniya. A 2025 ma Hikaru Nakamura na Amurka sai da ya riƙa shiga ƙananan gasanni a jihohin Amurka don ya haɗa wasa 40 da ake nema kafin shiga irin wannan gasar. To in irin waɗannan sun bi layi, da wuya ka sami alƙalin da zai ce hukumarku ta yi hauka don ta nemi 20.

Sannan FIDE ba ta zaɓar wa ƙasa tawaga. Hukumar ƙasa ce ke tura sunayen mutum huɗu da na jiran ko-ta-kwana guda. In ka rubuta ƙorafi zuwa hedikwatarta da ke birnin Lozan na ƙasar Suwizalan, mafi yawa gida za a maido ka.

Inda kake da abin riƙewa shi ne yadda aka yi aiki da sharaɗin. A idon doka, tsarin mulkin hukumar da ƙa'idojin zaɓenta tamkar yarjejeniya ce tsakaninta da 'yan wasanta. Kotu ba ta zama ta auna wa ya fi wa iya dara. Abin da take tambaya shi ne: sun bi dokar da suka rubuta da hannunsu? Sun auna kowa da mudu ɗaya? Sun saurare ka kafin su yanke?

Batun kwanan wata ne ya fi jan hankalina a wasiƙarka. Ka nemo wane zama ne ya amince da sharaɗin, ko masu zaman suna da ikon yin hakan a tsarin mulkin hukumar, da ranar da aka sanar da shi ga 'yan wasa a rubuce. Jin magana a bakin wani a zauren gasa ba sanarwa ba ce. Idan a wata na shida aka fito da doka, aka ce kuma lissafi ya fara tun daga wata na ɗaya, an hukunta ka ke nan kan watannin da ba ka san ana ƙirga su ba, kuma masu shari'a ba sa son dokar da ke cin baya. Amma ka shirya wa amsar da lauyansu zai bayar, don ni ma ita zan bayar da ni ne a kujerarsa: gasa guda mai zagaye tara, a haɗa da 11 ɗinka, ta kai ka 20 cif. Zai buɗe kalandar gasanni ya nuna waɗanda aka yi bayan sanarwar kana da lafiyarka. In akwai su ba ka je ba, hujjarka ta yi rauni sosai. In kuwa lokacin kana gadon asibiti, ko babu wata gasa mai maki da za ka iya kaiwa, to magana ta sauya.

Ka kuma sake ƙirga wasanninka da kanka, kada ka dogara da lissafin sakatare. FIDE na fitar da jerin maki kowane wata, kuma shafin kowane ɗan wasa a buɗe yake ga kowa. Jeri uku ne daban-daban: na dogon lokaci, na sauri, da na walƙiya. Wanne ƙa'idarku ta ambata? In ta ce "wasa mai maki" kawai ba ta fayyace ba, kana da damar cewa na sauri ma ya shiga, kuma rubutu mai harshen damo galibi kan wanda ya rubuta shi yake faɗawa. Duba ko da ranar buga wasa ake lissafi ko da watan da ya fito a jeri, domin mai shirya gasa kan yi jinkirin tura sakamako. Wasannin intanet na Chess.com da Lichess ba sa ciki, haka ma nasarar da ka samu don abokin karawa bai zo ba.

Shi kuma wanda kake zargi, ka buɗe shafinsa ka ƙirga kafin ka buɗe baki. Hukumomi da yawa na ware kujera ga zakaran ƙasa, ko su bar wa koci zaɓin mutum guda, don haka mai yiwuwa ta wata ƙofa ya shigo. In babu irin wannan ƙofa a rubuce kuma bai kai 20 ba, wannan ita ce hujjarka mafi kaifi. Sai dai ka ajiye ta don takardar ƙorafi. Ka zuba ta a Facebook da sunansa, a wayi gari dara ta ci gida, kai ne ke amsa ƙarar ɓata suna.

Batun jinya ya dogara ga ko ƙa'idar ta tanadi uzuri. In ta tanada, ka kai takardun likita suka ƙi dubawa, sun saɓa dokarsu. In ba ta tanada ba, roƙo kake yi, ba neman haƙƙi ba, kuma ya kamata harshen wasiƙarka ya nuna haka.

Yanzu ga hanya. Maganar waya ba hukunci ba ce. Yau ɗin nan ka rubuta wa hukumar ka nemi hukuncin a rubuce da dalilansa, kwafin ƙa'idar zaɓe, da bayanin zaman da ya amince da ita, ka kuma bayyana cewa kana ɗaukaka ƙara. Wa'adin ɗaukaka ƙara na cikin gida kan zama 'yan kwanaki, kuma wanda ya tsallake wannan mataki, kotu kan kora shi ya koma ya bi shi.

Bayan nan akwai Kotun Sasanta Rikicin Wasanni da ke Lozan, wadda aka kafa a 1984. Mutane na ɗauka kowa na iya zuwa, amma ba haka ba ne. Sai in tsarin mulkin hukumarku ko wata yarjejeniya da ka sa wa hannu ta ba ta hurumi, kuma sai ka ƙure hanyoyin cikin gida. Wa'adinta kwana 21 ne daga ranar da hukunci ya iso hannunka, in dokar hukumar ba ta sa wani wa'adi daban ba. Tana da tsada. Wasu ƙasashe na da kwamitin sasanta rikicin wasanni nasu, wanda ya fi sauri da sauƙi, don haka ka sa lauya na kusa da kai ya duba.

Kotun ƙasa kuwa, abin da za ka nema shi ne umarnin gaggawa na dakatar da tura sunaye. Ka sani kujeru biyar ne, shigarka fitar wani ce, kuma shi ma sai an saurare shi. Da zarar an rufe rajistar tawaga, nasara a kotu ta koma takarda kawai, diyya kuma da wuya ta samu tunda sai ka nuna ainihin kuɗin da ka yi asara. Sauya hukumar ƙasa ma ba ta wannan gasar ba ce, akwai kuɗi da lokacin jira.

Da ni ne kai, wasiƙar shafi ɗaya za ta kasance: ranar sanar da sharaɗin, ranakun tiyata da sallama, jadawalin wasanninka 11, sai buƙata guda a fili, wato a sake duba batunka kafin ranar rufe rajista, ko a sa maka gasar gwaji da na biyar a jerin. In likita ya yarje maka zaman awa huɗu a gaban allo, ka yi rajistar gasa mai maki mafi kusa, ka haɗa shaidar rajistar da wasiƙar.