An ce in sayar da fadamata don ɗana ya samu gurbi a sashen sayen kayan soja

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Ringim, Jihar Jigawa. Ɗana ya gama HND, ya yi bautar ƙasa, burinsa ya shiga soja a ɓangaren sayo kayayyaki. Wani ya ce zai sama masa gurbi in na ba da naira miliyan 2, wai wurin akwai maiƙo, kafin shekara kuɗina sun dawo. Ba ni da su sai na sayar da fadamata. Barci ya ƙaurace mini. Mene ne alheri da sharrin aikin nan?

Amsa: Wa alaikumus salam, Baba. Kada ka sayar da fadamar nan.

Mai digiri ko HND yana iya shiga ta hanyar DSSC, wato shirin ɗaukar masu ilimi mai zurfi a matsayin hafsoshi, wanda rundunar soja ke sanarwa a fili, kuma cike fom ɗin a intanet kyauta ne. Ba yaron ke zaɓar kujera ba. Rundunar ce ke tura shi inda zai yi aiki, kuma sai ya yi shekaru kafin a bar shi kusa da takardar kwangila. To wane gurbi mutumin nan zai sayar maka? Ɗan damfara ne, ka kai maganarsa wurin 'yan sanda.

Alherin aikin a bayyane yake: albashi, asibitin bariki, kwasa-kwasai, da fansho a ƙarƙashin hukumar fanshon soja. Sana'a ce kuma da kamfanoni ke nema bayan ritaya. Wahalarsa kuwa, canjin wurin aiki ba shawara, fagen fama in an tura shi, da fayil da zai kwana wata da watanni a kan tebur ana jiran sakin kuɗi, alhali dakaru na jiran tayoyin mota.

Amma abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka shi ne maganar maiƙo. Kullum sai na ji ta, a wurin ɗaurin aure, a tasha, har a bakin mutanen da ke sahun gaba a masallaci. Mutane sun ɗauka cewa tunda dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta ware kayan tsaro na musamman daga tsarinta sai da amincewar Shugaban Ƙasa, to ba mai dubawa. Sirri yana jinkirta bincike ne kawai, takarda ba ta ruɓewa. Kwamitin da Buhari ya kafa a 2015 don binciken sayen makamai ya koma baya har zuwa sayayyar 2007. Daga nan aka taso da zargin karkatar da dala biliyan 2.1 na sayen makamai, kuma Sambo Dasuki, wanda ya riƙe muƙamin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro, ya zauna a tsare daga Disamba 2015 zuwa Disamba 2019. In mai wannan girma bai tsira daga tuhuma ba, ina ga laftanar ɗan manomi?

Ga yadda abin ke faruwa, Baba. Mota ta shigo da takalma ɗari bakwai, takarda ta ce dubu. Oga ya kira yaro ya ce, “Sa hannu, sauran na hanya.” Da baki ya faɗa. Bayan shekara biyar masu bincike su zo, oga ya yi ritaya, ɗan kwangila ya ɓace, sunan da ke ƙasan takardar karɓar kaya na ɗanka ne. Kotun soja na jiransa, EFCC ma haka. Waɗancan ɗari ukun da ba su zo ba kuwa, ƙafafun 'ya'yan talakawa ne irin naka a dajin Sambisa. In harsashi ne ko rigar sulke, sai a yi maganar jini, kuma ban san malamin da zai halatta maka wannan kuɗi ba.

Yaron da aka sayar da gonar gidansu don ya shiga, da bashi a wuya ya shiga. Ranar da aka miƙo masa alƙalami ba zai iya cewa a'a ba, don ya san gida ana ƙirga watanni. Kai da kanka ka ɗaure shi ke nan.

Ya tanadi takardar shaidar ƙaramar hukuma da ta haihuwa, ya riƙa motsa jiki, ya sa ido kan sanarwar rundunar. In kaki bai yiwu ba, Ma'aikatar Tsaro na da ma'aikata farar hula, waɗanda ake ɗauka ta Hukumar Ɗaukar Ma'aikatan Tarayya.