Ga mai tambayar taimakon kuɗin reno a Yamai

Ƙanwata, na ga tambayarki: kina aiki a wani kamfani mai zaman kansa nan Yamai, cikinki wata biyu, ga babban yaro ɗan shekara uku, kina son sanin ko akwai wani taimako na hukuma ga kuɗin reno idan kin koma aiki. Allah ya sauke ki lafiya. Ni ma aikin ofis nake, kuma duk yarana ina kan aiki na haife su.

Babu wata ma'aikata da za ta biya miki kuɗin gidan renon yara, wannan daga aljihunku zai fito. Amma akwai haƙƙoƙin da mata da yawa ke barin su a ƙasa don ba su bi takardu ba.

Kafin komai, ki tabbata mai kamfaninku ya sa sunanki a CNSS, wato asusun gwamnati na kula da haƙƙoƙin ma'aikata, ki karɓi lambarki da hannunki. Kada ki tsaya ga "an yi, an yi" na baki. Na san wata maƙwabciyata a Talaje da ta daɗe tana aiki a wani wuri, ana cire mata kuɗi a albashi, sai da ciki ya tsufa ta je da takardunta aka ce ba a san da ita ba. Kuɗin iyali da CNSS ke bayarwa, wato na ciki da haihuwa da yara, ma ba ke kike biyansa ba, mai kamfani ne ke zuba kashi 8.4 cikin ɗari na albashi dominsa, don haka ba alfarma kike roƙo ba. Sai dai ana son kin yi wata shida a jere kina aiki.

Tun da cikin bai wuce wata uku ba, ki hanzarta awo, ki kai takardar likita, don kuɗin ciki kashi uku ake ba da shi, kowane kashi a bayan awonsa. Bayan haihuwa akwai wani da ake bayarwa har yaro ya shekara. Daga nan sai kuɗin yara na wata-wata, jaka ɗaya da rabi, wato sefa 1,500 ga kowane yaro, ana haɗawa a biya duk wata uku, har ya kai shekara 14, ko 21 in yana karatu. Babban yaronki ya cancanta tun tuni, in ba mahaifinsa ke karɓar masa ba, don mutum ɗaya ake ba. In maigidan ma'aikacin gwamnati ne, nasu ta cikin albashi yake biyowa. Kuɗin dai kin gani, ko gwangwanin madara bai saye. Ni sabulu da kuɗin taksi nake fiddawa a ciki, amma ban taɓa barinsa ba.

Takardu su ne wahalar: ta aure, ta haihuwar kowane yaro, da wadda ke nuna yaro na raye kuma yana hannunku, wadda ake sabuntawa. Takardar haihuwa ki sa a yi ta da wuri, tun daga gidan haihuwa zuwa ma'aikatar magajin gari. In lokaci ya wuce sai an bi ta kotu, ga jeka-ka-dawo cikin ranar Yamai da jariri a baya.

Abin da ya fi kuɗin nan amfani a wurina shi ne lokaci. Dokar aiki ta 2012 ta ba ki hutun haihuwa na sati 14, takwas daga ciki bayan haihuwa, kuma ba a korar ki a cikinsa. CNSS na biyan rabin albashi, in kin cika shekara biyu a wurin mai kamfani ya cika sauran. Bayan kin koma kina da awa ɗaya kullum ta shayarwa har yaro ya shekara. Ni ban yarda na tsinka ta ba, na roƙa aka haɗa mini ita da tashi, ina barin ofis kafin cunkoson gada, don Harobanda muke, a ƙetaren kogi. Ki nemi a rubuta yarjejeniyar, in shugaba ya canza kada sabon ya ce bai san zancen ba. In an hana ki, ofishin sufetan aiki yana nan don haka.

Ɓangaren lafiya, tun 2006 duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ne a asibitocin gwamnati. Sau da yawa magani ya ƙare sai a rubuta miki ki saya, ki ajiye ɗan wani abu gefe.

Sai maganar wa zai riƙe jaririn. Babban ki nema masa jardan, wato makarantar ƙananan yara, na gwamnati a unguwarku, ya fi na kuɗi sauƙi nesa ba kusa ba, amma akan tashe su da rana, dole a sami mai ɗauko shi. Ƙaramin kuwa, don Allah kada ki ɗauko yarinya ƴar shekara goma daga ƙauye ki bar mata jinjiri ki rufe gida. Ita ma reno take buƙata. In kaka na kusa, alhamdulillahi, amma ki riƙa yi mata ihsani duk wata, kada zumunci ya sa a mayar da ita ƴar aiki. Mu abin da muka yi, mu uku a layinmu muka haɗa kuɗi muka ɗauki wata dattijuwa da ta fita takaba, tana riƙe yaran a gidan ɗayarmu mai inuwar bedi a tsakar gida. Kowa ta kawo kununta da ruwanta cikin kula, ranar albashi mu biya ta tare. In za ki bi wannan hanya, ku fara magana da maƙwabtan tun yanzu, kafin cikin ya yi nauyi.