Manhajar haɗa takardun shago tana tsayawa da kanta: in sayi sabuwar kwamfuta?

Wani ɗan kasuwa mai sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari, wanda ke da reshe a Maraɗi, ya aiko da tambaya. Yaron da ke masa aikin kwamfuta ya ɗora masa manhajar Syncthing a kan wata tsohuwar kwamfuta a shago, domin lissafin bashi da rasit da hotunan kaya su riƙa bayyana a shagunan biyu. Yanzu manhajar tana tsayawa ba sallama, sai an lura an tashe ta. Yaron ya ce a sayi sabuwar kwamfuta. Ya saya, ko ya koma biyan kamfanin adana bayanai a intanet duk wata?

Alhaji, kada ka fitar da ko sisi tukuna. Wanda ya ce ka sayi sabuwa bai gaya maka abin da ke kashe tsohuwar ba, kuma in wuta ce matsalar, sabuwar ma haka za ta yi.

Fara da abin da ba ya cin kuɗi. A ajiye takarda kusa da kwamfutar, duk lokacin da ta tsaya a rubuta rana da ƙarfe nawa, da abin da ya faru: an ɗauke wuta ne, an tada janareta ne, ko an zuba sababbin hotuna da yawa? Kwamfutar ma tana rubuta nata bayanin. In Linux ce a kanta, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, yaron ya buga umarnin journalctl mai fito da wannan bayanin, ya duba layukan da suka zo daf da tsayawar. Ka ce ya nuna maka da idonka, ko da ba ka gane komai ba. Mai gyaran da aka ce ya nuna hujja yakan rage saurin cewa a sayi sabo.

Abin da na fi zargi wuta ce. Ƙiftawar da ake samu tsakanin ɗauke wuta da tashin janareta ta isa ta kashe kwamfuta, kuma in ba a saita manhajar ta tashi da kanta ba, kwamfutar za ta dawo ita kuwa tana kwance. Mafi muni, yankewar wuta ana tsakiyar rubutu tana iya lalata ma'ajiyar bayanan manhajar. Maganin wannan ƙaramin UPS ne, wato batirin da ke riƙe kwamfuta na ɗan lokaci in an ɗauke wuta, ko a jona ta da inbata in kana da sola. In laftof ce mai batir, a duba ko barci take yi da an rufe murfinta, domin wannan saiti ne na minti biyu.

Na biyu, ƙarancin RAM, wato wurin da kwamfuta ke riƙe abin da take aiki a kai a lokacin. Syncthing tana bin kowane fayil tana tantance shi, to in aka juye mata dubban hotunan atamfa a tsohuwar na'ura, sai wuri ya cika. Linux kuwa in ta ga haka, kashe manhajar da ta fi cin wuri take yi, kuma za a ga kalmomin Out of memory a bayanan. Ƙarin RAM bai kai kuɗin sabuwar kwamfuta ba ko kusa. A duba faifan ajiya ma, domin manhajar tana daina aiki in ya kusa cika. Sai zafi: kwamfutar da ke ƙarƙashin teburin shago tsakanin dilolin yadi, ta sha ƙurar hunturu, ga bazarar Kano, dole ta kashe kanta. A fito da ita inda iska ke ratsawa, a hure fankarta.

Yaron zai iya sa systemd, ɓangaren Linux mai tada manhajoji, ta riƙa tada manhajar duk lokacin da ta faɗi. A yi hakan, amma kada a ɗauka an gama gyara, don ciwon yana nan.

Yanzu maganar kuɗi. Asararka ba a kwamfutar take ba, tana wurin ranar da Maraɗi za su ba mutum kaya bashi bisa tsohon lissafi alhali Kano sun san bai biya na baya ba. Haka kuma in shagunan biyu suka gyara fayil ɗaya lokacin da haɗin ya yanke, Syncthing za ta ajiye kwafi biyu, ɗaya da alamar sync-conflict a sunansa. A nemo irin waɗannan yau, a daidaita su da littafin hannu.

Ka kuma sani, abin da aka goge a shago ɗaya gogewa yake a ɗayan. Saboda haka a kunna saitin adana tsofaffin kwafi, kuma duk mako a juye komai a wani faifai na daban da zai kwana a gida.

In lissafi da rasit ne kawai damuwarka, Google Drive na ba da gigabayit 15 kyauta, kuma ya ishe su. Hotuna su ci gaba da zama a na'urar shago. In kuwa ba ka son lissafinka ya zauna a hannun wani kamfani, riƙe naka, amma ka yanka wa yaron ɗan abin hannu duk wata bisa sharaɗin ya duba ta kowace Asabar, ya kuma rubuta maka kalmomin sirri ka ajiye da kanka.