Amsa ga ɗana mai son sabon zane

Ɗana, saƙonka ya iso. Wai kana tambaya ko al'adar dukawa ta sa yaro ya yi ta kwaikwayon zanen maigida ba ita ke kashe fasaha ba. Na yi dariya, amma hankalina ya ɗan tashi, don an ce har ka sayi jar fatar akuyar Maraɗi tun ba ka iya riƙon aska ba.

Iyayenmu a nan Tawa cewa suke, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ba su fara koya ma yaro zane. Kuloko, wato baƙin rinin fata, suke sa shi ya haɗa: kashin maƙera ko tsatsar ƙarfe, a jiƙa cikin ruwan tsamiya kwanaki har ya yi ƙarfi. In ka ja layi da shi, da fari kamar ruwa ka shafa, jim kaɗan sai ya koma baƙi ƙirin. Ƙarfen ne ke haɗuwa da bagaruwar da aka jeme fatar da ita, shi ya sa ba ya kama fatar da ba ta sha bagaruwa ba. In fatar na da laima, layin ya baje. In kulokon ya cika ƙarfi, wurin ya bushe ya tsage. Ja kuwa karan dafi ne da ruwan toka, rawaya gangamau. Mai in ya yi yawa a fata, rini ba ya shiga.

To, wanda ya san yadda layi ke bajewa, shi ke iya baje shi da gangan ya fitar da abin da ba a taɓa gani ba. Guntayen fatar da ke zube a gindin maigida na yaro ne, ba mai tambayarsa. Nan zai gwada yanka sama-sama da bakin aska, ya ɓare saman rinin farin ƙasa ya fito. Ya zurfafa, ta huje. Ya yi ɗari, ɗaya ta yi kyau, maigida ya gani ya yi shiru, gobe ka ga an sa shi zanen gidan laya.

Ku kuwa yanzu sai ku buɗe salula, ku kwafi zanen jakar Turawa, ku ce sabo ne. Wannan ba kwaikwayo ba ne?

Je ka wajen dukawan kasuwa ka roƙi guntaye. Fatar Maraɗin nan ka naɗe ta, kar ka ninke, ka ajiye a inuwa. Ka gaida mahaifiyarka.