Tambaya da Amsa: Yadda Amurka Ke Biyan Diyyar Dabbobin da Bala'i Ya Kashe

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji ana cewa a Amurka in ambaliya ko gobarar daji ta kashe wa makiyayi shanu, gwamnati ke biyansa. Gaskiya ne, ko hirar teburin mai shayi ce? Daga wani mai karatu a Gashuwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Gaskiya ne, sai dai ba kowace saniyar da ta mutu ake biya ba. Sunan shirin biyan diyyar LIP, kuma hukumar kula da manoma ta FSA da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Noma ce ke tafiyar da shi. Wa'adinsa ya taɓa ƙarewa a 2011, sai ga guguwar dusar ƙanƙara a Oktoban 2013 ta hallaka dubban shanu a jihar Dakota ta Kudu, babu inda za a kai kuka. Dokar noma ta 2014 ce ta farfaɗo da shi, ta mai da shi na dindindin, har aka biya asarar baya.

Ga lissafin. Kowace jiha tana da adadin da aka ƙayyade cewa ko ba bala'i, garke zai rasa shi a shekara. Wannan ake fara cirewa. Misali, kana da shanu 100, jiharka ta ce biyu cikin ɗari mutuwa ce ta yau da kullum, ambaliya ta ci 12: goma za a lissafa maka. Kowacce kuma kashi 75 cikin 100 na farashin kasuwa za a ba ka, bisa jadawalin da hukuma ke fitarwa duk shekara gwargwadon irin dabba da nauyinta. Ba kuɗin da kai ka yi wa saniyarka ba, komai ƙibarta. Wadda ta ji rauni ka karya farashi ka sayar cikin kwana 30, ita ma tana shiga.

Inda mutane suka fi faɗuwa shi ne shaida. Sai ka nuna yawan garkenka kafin bala'in, da rasidin saye, ko littafin haihuwar maruƙa, ko takardun likitan dabbobi, ko na bashin banki. Sannan ka nuna mutuwar, da hoto mai kwanan wata ko rasidin masu kwashe mushe. Wanda ya binne gawa bai ɗauki hoto ba ya jawo wa kansa doguwar wahala. Takardu kuma su isa ofishin FSA na gunduma kafin farkon Maris na shekarar da ke biye. Dokin hawan nishaɗi ba ya ciki, sai dabbar da ake kiwo don kasuwa.

Tambaya: To fari fa? Shi ya fi cin dabbobi a wajenmu. Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Malama, LIP ba ya biyan dabbar da fari ya kashe, sai in cutar saifa ce ta ɓulla sanadinsa. Hujjar hukuma ita ce fari ba ya zuwa dare ɗaya, mai garke yana da lokacin sayen abinci ko rage dabbobi. A ganinmu hujjar ta fi dacewa da mai hali.

Fari shirinsa daban ne, LFP, wanda ke biyan kashi 60 cikin 100 na kuɗin abincin dabbobi na wata. Ba a zuwa gonarka a duba: taswirar fari da ake fitarwa duk Alhamis ce ke yanke hukunci, gunduma-gunduma. In gundumarka ta kai mataki na D3, wato fari mai tsanani ƙwarai, ko da mako ɗaya, kuɗin wata uku ne. In ta yi mako huɗu a D4, matakin fari mafi muni, wata biyar. Matsalar ita ce makiyayarka na iya bushewa ƙurmus, amma taswira ta nuna gundumar da sauƙi, ka tashi a tutar babu. Kuɗin jigilar ruwa da na harawa kuwa wani shirin ne ke ɗauka, ELAP.