Dalilin da ya sa kukis ɗin curin ƙanƙara ke bajewa a obin

Ɗana, na ji tambayarka. Ka ce ka gwada yin kukis ɗin nan da ake kira curin ƙanƙara a gida, mai na'a-na'a da ƙwayoyin cakulan, ka bi awon da ka samu ba ragi ba ƙari, amma da ka buɗe obin sai ka tarar curin sun baje sun yi fale-fale, garin sukarin da ka turbuɗa su a ciki ya narke ya koma danƙo, ƙamshin na'a-na'ar kuma ya yi ƙarfi har ƙannenka suka ce makilin suke taunawa. Kana son ka san ko awon ne ba daidai ba. Ni a ganina awon ba shi da laifi. Matsala biyu daga cikin ukun nan zafi ne ya jawo su, ta ukun kuwa nauyin hannu ce wajen zuba filebo.

Ka fara sanin inda abin ya fito. Mutanen Amurka ne suka fi yin wannan kukis, galibi a watan Disamba lokacin bikin Kirsimeti, kuma a can wasu suna danganta shi da shayin Rasha, wasu da bikin auren Meziko, ko da yake nasu na asali da dakakkun 'ya'yan itatuwan ƙasarsu masu kama da gyaɗa ake yi, cakulan da na'a-na'a daga baya aka shigo da su. Wanda ya rubuta awon da ka bi yana aiki ne a kicin ɗin da zafinsa bai wuce digiri 20 ko 22 ba. Kai kuwa ka kwaɓa naka da rana tsaka a bazara, lokacin da zafin gari ke kai wa digiri 40. Takardar ba za ta gaya maka wannan ba, domin mai ita bai taɓa tunanin bota za ta narke a kan teburi tun kafin a kunna wuta ba.

Idan kana son ka fahimci halin wannan kwaɓi, ka tuna da gireba, domin dangi ɗaya suke. Babu ƙwai a ciki, babu bekin fauda, babu yis, kuma ba a zuba ruwa ko madara. Fulawa ce da maiƙo da ɗan sukari kawai, shi ya sa yake rugujewa a baki ba tare da an wahala da tauna ba. To amma abin da ya ba shi wannan laushi shi ne kuma rauninsa, domin ba shi da abin da zai riƙe shi a dunƙule sai taurin botar kanta, har zuwa lokacin da fulawar za ta gasu ta tsaya da ƙafarta.

Awon da nake amfani da shi shi ne bota giram 225, aisin suga (wato garin sukari mai laushi) giram 60, fulawa giram 280, gishiri kwatan cokalin shayi, filebon na'a-na'a rabin cokalin shayi, da ƙananan ƙwayoyin cakulan giram 170, kuma wannan yana ba da curi kusan 40. Ka riƙa aunawa da sikeli. Kofin da Amurkawa ke nufi yana cin mililita 240 ne, ba kofin shayi ko gwangwanin madara ba, kuma ko da kofin gaskiya ka samu, fulawar da aka danna ta fi wadda aka zuba a sake nauyi sosai. Fulawa ta yi kaɗan kukis ya baje, ta yi yawa ya ƙi haɗuwa a hannu.

Maganar bota ita ce zuciyar tambayarka, saboda haka ka saurara da kyau. Bota ta gaskiya, wadda aka yi da madarar shanu, kusan kashi 80 cikin 100 nata maiƙo ne, sauran yawancinsa ruwa, kuma tana narkewa gaba ɗaya tsakanin digiri 32 da 35. Idan takarda ta ce a bari bota ta yi laushi, abin da ake nufi shi ne ka danna ta da yatsa ya shiga ya bar gurbi, alhali tana da sanyi a taɓi kuma ba ta ƙyalli. Da zarar ka ga tana sheƙi a gefe, ko ta fara tsatso mai, ta riga ta wuce inda ake so. Kwaɓin da aka yi da irin wannan bota zai yi maka kyau a ido, zai ma fi sauƙin murzawa, amma minti biyu da shigarsa obin maiƙon zai malale ya ja fulawar ƙasa tun ba ta kai ga gasuwa ba. A lokacin zafi minti goma zuwa sha biyar a wajen firji sun ishi bota, musamman idan ka yayyanka ta ƙanana.

Za ka ce mini yawancin masu sana'a a nan majarin suke amfani da shi suna kiransa bota. Haka ne, kuma yana yin aikin, amma ka zaɓi mai tauri wanda aka yi domin gashi, ka guji mai laushin nan na shafa wa burodi, domin ruwansa ya fi yawa. Ka kuma rage gishiri ko ka bar shi baki ɗaya, tun da majarin yana zuwa da nasa. Abin da ba na so da shi a wannan kukis shi ne yana barin maiƙo manne a ganɗa, alhali amfanin abin shi ne ya narke ya ɓace. Soyayyen man shanu kuwa ƙamshinsa yana danne na'a-na'a, don haka ka bar shi wa gireba.

Wajen haɗi, ka buga bota da aisin suga har su haɗu su yi santsi, sannan ka tsaya. Ba kek kake yi ba da za ka yi ta bugu har ya yi fari ya kumbura, domin iskar da ka cusa a ciki za ta faɗaɗa a wuta ta taimaka wa curin ya zube. Ka zuba filebo a cikin botar kafin fulawa, saboda maiƙo ne ke ɗaukar ƙamshi ya rarraba shi ko'ina. Daga nan ka tankaɗe fulawa da gishiri ka zuba, ka juya da muciya ko cokalin katako. Da farko zai yi maka warwar har ka ɗauka ruwa yake nema. Kada ka zuba ko ɗigo, domin ruwa ne ke tayar da danƙon fulawa, kuma da ya tashi kukis ɗin zai yi tauri. Ka ci gaba da dannawa a hankali, za ka ga ya haɗe da kansa.

Bayan nan ka mulmula curin, kowane cikin cokalin cin abinci ɗaya, da sauri, domin tafin hannunka ma yana narkar da bota. Idan ka ji kwaɓin ya fara manne maka, ka wanke hannu da ruwan sanyi ka goge shi sosai. Ka jera su a faranti ka sa a firji na minti 30 zuwa awa ɗaya, har sai sun yi tauri. Na fi son a mulmula kafin a sanyaya, saboda kwaɓin da ya daskare a dunƙule ɗaya yana farfashewa idan an zo ɗiba. Idan babu wutar lantarki, kula mai ƙanƙara ta wadatar, muddin ka rufe farantin da leda don kada laima ta taɓa su. Idan ita ma babu, ka yi aikin da asuba kafin rana ta ɗaga.

Cakulan kuma ka nemi ƙwayoyi ƙanana. Manya suna tsaga curin, tun da babu ƙwai da zai ɗaure kwaɓin a kewayensu. Ƙwayoyin da ake sayarwa domin gashi an rage musu man koko don su riƙe siffarsu a wuta, amma idan sandar cakulan ka samu ka yanka ta ƙanana, ka sa ta a firji, kuma ita ce abu na ƙarshe da zai shiga kwaɓin, in ba haka ba za ta shafe shi ya koma ruwan ƙasa.

Na'a-na'ar da ake nufi a wannan kukis ba irin wadda muke jefawa a shayi ba ce. Wata iri ce mai yawan sinadarin mentol, wanda ke sa harshe ya ji sanyi ko da abin ba mai sanyi ba ne, kuma shi ne ake sa wa man goge baki, don haka ƙannenka ba su yi ƙarya ba. Ka duba kwalbarka. Idan tsantsar man na'a-na'a ne, ya ninka filebo ƙarfi sau da dama, kuma da ɗigo ake auna shi, uku ko huɗu, ba da cokali ba. Ina kyautata zaton shi ka zuba rabin cokali. Ka kuma karanta abin da aka rubuta a jikin kwalbar, domin yawancin filebon da ke zuwa daga waje a cikin sinadarin giya ake narkar da shi, kuma akwai masu saye da za su tambaye ka. Ɗanyen ganye ba ya maye gurbinsa, yana kawo ruwa kuma yana baƙi a wuta. Kalar kore da wasu ke ɗigawa ado ce kawai, ba ta ƙara ɗanɗano. Hanya mafi aminci ita ce ka gasa curi ɗaya tak, ka bari ya huce, ka ɗanɗana, sannan ka yanke shawara a kan sauran.

Ka kunna obin ya yi zafi tukuna, digiri 175, wato 350 ɗin da kake gani a takardun Amurka, masu amfani da wani ma'aunin zafi daban, sannan ka ɗauko curin daga firji kai tsaye zuwa wuta. Obin da bai gama zafi ba yana narkar da maiƙo a hankali, kuma wannan ma wata ƙofar bajewa ce, haka nan jera sabon curi a kan tiren da bai huce daga gashin farko ba. Minti 11 zuwa 14 suke ɗauka. Kada ka jira samansu ya yi ja, domin ba ya yi sai sun ƙone. Ka ɗaga ɗaya ka duba ƙasansa, idan ya yi ruwan zuma mai haske kuma saman ya bushe, sun yi. Idan a tukunya mai yashi kake gashi, ka ɗora tiren a kan wani abu da zai ɗaga shi daga yashin, ka rage garwashin ƙasa.

Sukarin waje sau biyu ake turbuɗawa, kuma kowanne da aikinsa. Idan ka jefa su a sukari da fitowarsu daga wuta, tururi da maiƙo za su narkar da shi, curin ma ya ruguje a hannunka. Ka ba su kamar minti biyar, har ka iya riƙe ɗaya ba tare da ya ƙona ka ba amma yana da ɗumi, sannan ka mirgina shi a tankaɗaɗɗen aisin suga. Wannan na farko zai ɗan jiƙe, kuma haka ake so, domin shi ne shimfiɗar da na biyu zai kama. Sai sun huce sarai, har cakulan ɗin da ke ciki ya daskare, sannan ka sake turbuɗawa a sabon sukari busasshe, a nan ne farin zai tsaya. Aisin suga na kanti yana da ɗan sitacin masara, kusan kashi 3 cikin 100, wanda ke hana shi dunƙulewa, saboda haka idan a gida ka niƙa sukari ka haɗa masa cokalin shayi ɗaya na sitaci a kowane giram 100. Da hunturu za su kai mako guda a mazubi mai murfi ba su canza ba, amma da damina sukari yana jan laima, don haka idan na oda ne ka bar turbuɗawa ta biyu sai ranar da za a zo karɓa.