Tawakkali, Dogaro da Zakaran da Allah Ya Nufa da Cara

Wata malamar makaranta daga unguwar Birni, nan Damagaram, ta aiko da tambaya. Ta ce duk lokacin da ɗanta ya kama hanyar Agadas ba ta samun barci, in ta faɗa kuwa sai a ce mata ta yi tawakkali, domin "zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi". Tana son sanin ko tawakkali da dogaro abu ɗaya ne, kuma ko fargabarta alama ce ta raunin imani.

Malama, kalmomin biyu sun haɗu a ma'ana, amma asalinsu daban ne. Dogaro Hausa ce, daga dogara, kamar yadda tsoho ke dogara sanda ya sakar mata nauyinsa. Tawakkali kuwa daga Larabci muka aro shi, tushensa ɗaya da wakili da wakilci, wato mutum ya danƙa al'amarinsa ga wanda ya fi shi iko. A aya ta 173 ta Suratu Ali Imrana, bayan yaƙin Uhudu, an ce wa sahabbai mutane sun yi musu gangami, su ji tsoronsu, sai suka ce "Hasbunallahu wa ni'imal wakil", wato Allah ya ishe mu, kuma madalla da wakili. Cikin halin barazana aka faɗi wannan kalma, maƙiya suna kusa.

Abin da ke damuna shi ne yadda muka ƙuntata kalmar tawakkali, har ba a cika cewa wani ya yi tawakkali ba sai bayan ya yi rashi ko asara. Wannan wurin dangana ne da haƙuri. Tawakkali tun kafin a san ƙarshen abu ake yin sa, kuma tare da ƙoƙari yake tafiya. Tirmizi ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙuma ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Mutanen Damagaram, garin da unguwarsa ta Zango ta samo sunanta daga saukar ayari, ba sa buƙatar a yi musu bayanin dabaibayi.

Karin maganar ma sai a dube ta da kyau, domin ba ta musanta hatsari ba, ta ma kira shi da sunansa. Muzuru ta ƙasa yake zuwa, galibi da dare, shaho kuwa daga sama yake kawo sura da rana tsaka, ɗan tsako ba shi da lokacin sakin jiki. Duk da haka ya girma ya yi cara, ba don ya fi ƴan'uwansa wayo ba.

Saboda haka, Malama, a fahimtata ta harshe, fargabar uwa ba ta kore tawakkali. Ki tabbata ya shiga mota mai lafiya da isasshen ruwa, ki yi masa addu'a, in ya isa ya kira ki.